Jigilar Balin ta 1948: jirage ne suka ci nasara ko siyasa?

Tsohon Bakanike:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina so mu tattauna a kan jigilar kaya ta sama da aka yi zuwa birnin Balin na Jamus daga 1948 zuwa 1949, domin yadda ake ba da labarin yana damuna. Da an taɓo shi sai a ɗauko hoton matuƙin nan na Amurka, Gail Halvorsen, wanda yake sako wa yara alewa daga sama a ɗaure da hankici. Aikin kirki ya yi, ba na raina shi. Amma alewa ba ta riƙe mutum sama da miliyan biyu har wata goma sha ɗaya. Cikin tan miliyan 2.3 da jirage suka sauke a birnin, kusan kashi biyu cikin uku gawayin kwal ne. Sauran kuwa fulawa ce, da busasshen dankali, madarar gari, gishiri, mai da magani.

Ga wanda bai san asalin rikicin ba: da aka gama yaƙin duniya na biyu a 1945, an kasa Jamus gida huɗu tsakanin Amurka, Ingila, Faransa da Tarayyar Sobiyat. Balin ta faɗa can cikin kason Sobiyat, kimanin kilomita 160 daga iyakar yankin Yamma, amma ita ma aka kasa ta huɗu. Ranar 24 ga Yuni 1948 Sobiyat ta datse layin dogo, titin mota da hanyoyin ruwa da ke shiga unguwannin ƙasashen Yamma uku, ta kuma yanke musu wuta, wato ta yi musu ƙawanya. Abincin da ke rumbunan birnin bai wuce na wata guda da 'yan kwanaki ba.

Ni a ganina ba jarumtar matuƙa ce ta ceci Balin ba, kuma ba yawan jirage ba ne. Tsari ne, da bin agogo, da kanikawan da suka hana idonsu barci. Wanda yake ganin ba haka ba ne, bismillah.

Ɗan Dawanau:
Wa alaikumus salam Baba. Ni harkar lodi na sani, bari in fara da lissafi. Na karanta cewa mafi ƙarancin abin da birnin ke buƙata shi ne tan 4,500 a rana. Tirela ɗaya tana ɗaukar buhu 600, wato tan 30. Ke nan kullum sai an shigar da lodin tirela 150 ta sama. Jirgin C-47 da aka fara aikin da shi kuwa tan uku da ɗan ɗoriya yake ɗauka, sai jirgi kusan goma kafin su kwashe kayan tirela guda. Baba, ta yaya wannan lissafi ya yiwu?

Tsohon Bakanike:
Madalla da wannan tambaya, ɗana. Da C-47 kaɗai ba zai yiwu ba, kuma a makonnin farko bai yiwu ba. A ranar farko, 26 ga Yuni, abin da Amurkawa suka kai tan 80 ne kacal. Abin da ya canza lissafin shi ne C-54, mai inji huɗu, mai ɗaukar tan goma. Kuma ga wani abu da mai lodi zai gane: C-47 idan ya tsaya hancinsa na sama, wutsiya na ƙasa, dabensa a karkace, sauke kaya sai da wahala. C-54 kuwa a miƙe yake tsayawa, mota ta matso baya da baya a yi ta miƙo buhu. Lokacin da za a ɓata wajen sauke tan uku na wancan, an kusa sauke tan goma na wannan. Sai Amurka ta tattaro C-54 daga ko'ina, har daga Alaska, Hawayi da Japan, rundunar ruwa ma ta ba da nata, suka haura ɗari biyu.

Amma jirgi ba tsari ba ne. A ƙarshen Yuli aka kawo Janar William Tunner, wanda ya riƙe jigilar da aka yi daga Indiya zuwa Sin ta saman tsaunukan Himalaya lokacin yaƙi. Ranar 13 ga Agusta yana cikin jirgi a saman filin jirgin Tempelhof na Balin, ga ruwan sama ga gajimare ya sauko ƙasa. Jirgi ɗaya ya zarce titi ya kama da wuta, na biyu tayoyinsa suka fashe garin kauce masa, na uku ya sauka a titin da ba a gama ginawa ba. Saura suka taru a sama suna ta kewaye, wani a kan wani, ba mai ganin ɗan'uwansa. Nan take ya ce a mayar da kowa inda ya fito.

Daga ranar ya kafa dokoki. Ko gari ya yi garau, da na'ura za ka tuƙa, ba da ido ba, don kowa ya riƙe gudu ɗaya da tazara ɗaya. Sau ɗaya za ka gwada sauka. In ka kuskure, ka wuce da kayanka ka koma tushe, ba za a tsayar da layi dominka ba. Hanyoyin sama uku ne, kowace faɗin kilomita 32: ta arewa daga wajen Hambag da ta kudu daga Farankfot na shiga ne, ta tsakiya ta fita. Jirage na tashi a jere, minti uku tsakani. In ka sauka a Balin ba ka barin gindin jirginka. Mai bayanin yanayi zai zo da jif ya same ka, motar shayi da burodi ma ta zo, lebura Jamusawa su sauke kaya, cikin kimanin rabin awa ka tashi. Ka ga ai wannan ba yaƙi ba ne, sana'ar dako ce aka ɗauke ta da muhimmanci.

Malamar Tarihi:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Duk abin da ka faɗa haka yake, amma ka fara labarin daga tsakiya. Tunner ya tsara jiragensa ne a cikin sararin da siyasa ta buɗe masa. A ƙarshen Nuwamba 1945 ƙasashen huɗu sun amince da waɗannan hanyoyin sama guda uku a rubuce. Titin mota da layin dogo kuwa ba a taɓa rubuta musu irin wannan yarjejeniya ba, fahimtar baki ce kawai aka yi. Shi ya sa Sobiyat ta iya cewa wai layin dogo ya samu matsala, ta rufe, ba mai takardar da zai nuna mata.

Sannan a duba bambancin nan. Wanda yake son tsayar da ayarin motoci, gungume zai gitta a hanya ya zauna, sai mai son wucewa ya fara harbi. Wanda yake son tsayar da jirgin dakon fulawa a sama, shi ne dole ya fara harbi. Janar Lucius Clay, gwamnan soja na yankin Amurka, ya so ya tura ayarin motoci da rakiyar sojoji su kutsa ta ƙarfi. Shugaban Amurka Truman bai yarda ba. Ya zaɓi jigila ta sama domin ta ɗora wa Stalin, shugaban Sobiyat, nauyin fara yaƙi. Ministan harkokin wajen Ingila, Ernest Bevin, shi ma tun ranar farko ya tsaya kai da fata cewa ba za a bar Balin ba, kuma wani hafsan sojan sama na Ingila, Reginald Waite, yana cikin waɗanda suka fara zama da alƙalami suka nuna cewa ana iya ciyar da birnin gaba ɗaya ta sama, ba sojojin da ke ciki kaɗai ba. Da ba a yanke wannan shawara a Washinton da Landan ba, Tunner ba shi da abin tsarawa.

Ɗan Damagaram:
Ku yi haƙuri, amma duk ku biyun labarin Amurka kuke ba mu. Ba wanda ya tambayi me ya sa Sobiyat ta rufe hanya. Ƙasar da ta rasa mutum sama da miliyan 20 a hannun Jamus, shekara uku kacal da gama yaƙi, sai ta ga ƙasashen Yamma sun zauna a Landan ba tare da ita ba suna shirin kafa ƙasar Jamus ta Yamma. Ranar 20 ga Yuni 1948 suka fito da sabon kuɗi a yankunansu. Kowa ya san abin da zai biyo baya: tsohon kuɗin da ya zama takarda a Yamma zai kwararo Gabas inda yake da sauran daraja, a kwashe kaya da shi. Wace gwamnati ce za ta naɗe hannu? A taron Potsdam na bayan cin Jamus da yaƙi an amince a tafiyar da tattalin arzikin Jamus a matsayin abu guda. Wa ya fara karya wannan?

Kuma kalmar ƙawanya ma an cika ta da gishiri. Ba a gina katangar da ta raba Balin ba tukuna, sai 1961. Mutane na shiga jirgin ƙasa na cikin gari su tafi Gabas, su tafi ƙauyuka su sayo dankali da itace da kwal. Sobiyat ma ta yi shelar cewa duk mazaunin Yamma da ya zo ya yi rajista a Gabas za ta ba shi rabon abinci.

Malamar Tarihi:
Malam, rabin maganarka ina tare da kai. Tsoron Sobiyat na gaske ne, kuma gaskiya ne kaya masu yawa sun riƙa shiga ta bayan fage. Masu binciken da suka duba takardun lokacin sun nuna cewa ba jirage kaɗai suka riƙe birnin ba, musamman a watannin farko. Wannan ya kamata a riƙa faɗa.

Amma batun tayin abinci, ka faɗi tayin ba ka faɗi amsar ba. Waɗanda suka yi rajistar ba su wuce 'yan kaɗan cikin ɗari ba, duk da sanyi da duhu. Sun san katin abinci ba kyauta ba ne, wanda ya riƙe cikinka ya riƙe ƙuri'arka. A Fabrairun 1948 sun ga yadda 'yan gurguzu suka karɓe mulki a Cekoslobakiya. A Satumba suka ga an tura 'yan zanga-zanga sun hana majalisar birni zama a zaurenta da ke ɓangaren Gabas, har ta ƙaura Yamma. Ranar 9 ga Satumba mutum kusan dubu 300 suka taru a gaban tsohon ginin majalisar Jamus, Ernst Reuter ya yi kira ga al'ummun duniya da su dubi birnin kada su yasar da shi. Shi Reuter ɗin an zaɓe shi magajin gari tun 1947, Sobiyat ta hau kujerar naƙi. A zaɓen 5 ga Disamba 1948 jam'iyyarsa ta SPD ta samu sama da kashi 64 cikin ɗari a ɓangaren Yamma. Mutanen da ke cin busasshen dankali ne suka kaɗa wannan ƙuri'a, ba Amurkawa ba.

Ɗan Damagaram:
Na yarda ba su so mulkin Sobiyat ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce tausayi ne ya kawo jiragen. Matuƙan nan da yawansu su ne suka yi wa birnin ruwan bama-bamai a 1944 da 1945. Ba zuciya ce ta canza cikin shekara uku ba, buƙata ce ta canza.

Maman Sadik:
Salamu alaikum. Ni a Jamus nake zaune, kuma na sha zuwa Tempelhof. An rufe filin tun 2008, yanzu fili ne na shan iska, yara na tuƙa keke a kan titin da jiragen suka riƙa sauka. Idan ka tsaya a ƙarshen titin ta gabas ka ga yadda benaye da maƙabarta suke dab da shi, sai ka jinjina wa wanda ya sauko da tan goma ta saman rufin nan cikin hazo. A ƙofar filin akwai ginin tunawa mai yatsu uku da ke nuni da hanyoyin saman uku, an rubuta sunayen waɗanda suka mutu a gindinsa. Amurkawa 31 ne, 'yan Ingila kusan 40, ban da Jamusawa ma'aikata.

Malam Ɗan Damagaram, ko da buƙata ce ta kawo su, ai da ransu suka biya.

Amma abin da nake so in ƙara shi ne mata, don ban ga wanda ya ambace su ba. Bayan yaƙi mata sun fi maza yawa a birnin nesa ba kusa ba. Wuta awa huɗu ake bayarwa a yini, kuma bi da bi ne unguwa unguwa, wata ta samu nata rabon da tsakar dare. Uwa ta tashi ƙarfe biyu na dare ta yi girki da guga, da asuba ta kama layin karɓar rabo. Da aka ga Tempelhof da Gatow, filin ɓangaren Ingila, ba za su isa ba, aka fara gina sabon fili a Tegel, ɓangaren Faransa, a watan Agusta. Lebura kusan dubu 19 suka yi aikin dare da rana, kaso mai yawa mata ne, da shebur da baro. Ɓaraguzan gidajen da bom ya rushe aka farfasa aka shimfiɗa a ƙarƙashin titin. Ranar 5 ga Nuwamba jirgin farko ya sauka, wata uku ke nan. Filin ya yi aiki har zuwa 2020.

Tsohon Bakanike:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Kin tuna mini da injinan aikin Tegel. Manyan motocin daddaɓe titi ba su shiga C-54, sai aka yanka su gunduwa-gunduwa da wutar walda, aka kai, aka sake haɗawa a can. Haka aka yi da kayan tashar wutar lantarki da aka sake ginawa a ɓangaren Yamma. Sannan akwai turakun rediyo da ke ƙarƙashin ikon Sobiyat a kusa da titin Tegel, suna barazana ga jirage masu sauka. Kwamandan Faransa, Janar Jean Ganeval, ya nemi a cire aka yi biris, ranar 16 ga Disamba ya sa aka tashe su da nakiya.

Bari in koma kan kanikawa, don nan ne zuciyata take. C-54 an ƙera shi ne don doguwar tafiya: ya tashi da nauyi, ya sha mai a hanya, ya sauka da sauƙi. A Balin aka juya masa aiki. Tafiya gajera, sauka da cikakken lodi sau da yawa a yini. Taya, birki da fulogi suka riƙa ƙarewa kamar me. Ƙurar kwal kuma ba inda ba ta shiga. Tana bi ta ƙarƙashin dabe ta kwanta a kan wayoyin da ke jan fikafikai, ta haɗu da danshi da garin fulawa ta zama ƙullu, ta ci ƙarfe. Duk awa 200 na tashi sai a kai jirgi Burtonwood a Ingila a wanke shi a bincike shi, duk awa 1,000 a mayar da shi Amurka a yi masa garambawul. Da hannu ya yi ƙaranci, Tunner ya ɗauki kanikawan tsohuwar rundunar saman Jamus aiki, aka fassara musu littattafan gyara. Mutanen da jiya suke gyara jiragen da ke harbin Amurkawa. Wannan aiki ba ya fitowa a hoto, amma da ya tsaya mako biyu, da jigilar ta tsaya.

Tsohon Ma'aikacin Jirgin Ruwa:
Yallaɓai Bakanike, kai ka ja ta wajen gareji, Malama ta ja ta wajen fada, ni kuma bari in ja ta wajen teku. Jirgin sama tafiyar ƙarshe kawai yake yi, 'yan kilomita ɗari. Alkamar daga ina ta fito? Jiragen ruwa ne suka ƙetaro Atlantika da ita zuwa tashar Bremerhaven. Man da jiragen ke sha, tankokin ruwa suka kawo. Kwal daga yankin Ruhr yake, jirgin ƙasa ya ɗauko shi zuwa filayen Fassberg da Celle a yankin Ingila, a ɗura a buhu. Can ma aka mayar da C-54 na Amurka da yawa, saboda hanyar arewa ta fi gajarta kuma ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, jirgi ɗaya sai ya yi sawu fiye da wanda ke tasowa daga Farankfot.

Kuma a daina mantawa da Ingila. Gishiri yana cin jikin jirgi, don haka da farko jiragen Sunderland masu sauka a kan ruwa aka ba, tunda an ƙera su don ruwan teku. Suna tashi daga kogin Elbe a Hambag su sauka a kan ruwan Havel cikin Balin, kwale-kwale su kwashe kayan, har zuwa Disamba da ƙanƙara ta hana. Man fetur da dizal kuwa kamfanonin haya masu zaman kansu na Ingila ne suka riƙa kaiwa da tsofaffin jiragen yaƙi da aka mayar tanka. Matuƙa daga Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu ma sun shiga.

Abu na ƙarshe, wanda yake goyon bayan Malama: takunkumin ramuwa. Ƙasashen Yamma su ma sun hana kwal da ƙarfen Ruhr da kayan masana'antu shiga yankin Sobiyat. Masana'antun Gabas sun dogara da waɗannan kaya, sun ji jiki ƙwarai. Wanda ya rufe ƙofa shi ma ya kwana da yunwa.

Ɗalibi Daga Zariya:
Iyayena ina ta ƙaruwa. Tambayata ita ce, tunda Stalin ya ga abin yana tafiya, me ya hana shi harbo ko jirgi ɗaya don ya tsorata su?

Malamar Tarihi:
Ƙanena, ba yaƙi yake nema ba, ciniki yake nema. Burinsa a fasa kafa Jamus ta Yamma, in hakan ta gagara a bar masa Balin. Ƙasarsa a rushe take, kuma a lokacin Amurka kaɗai ke da bom ɗin nukiliya. Sobiyat ba ta gwada nata ba sai Agustan 1949. A Yulin 1948 Amurka ta tura jiragen B-29 zuwa Ingila, irin waɗanda suka jefa bom a Japan. Daga baya aka san cewa waɗanda aka tura ba a gyara su don ɗaukar nukiliya ba, amma saƙon ya isa. Tun a Afrilun shekarar ma an ga haɗarin wasa da wuta, lokacin da wani jirgin yaƙin Sobiyat ya yi karo da jirgin fasinja na Ingila kusa da Gatow, duk waɗanda ke cikin jiragen biyu suka mutu. Don haka suka tsaya ga tsokana: shawagi kusa da jiragen dako, haska fitila a idon matuƙi, atisayen harbi kusa da hanya.

Sannan yana da dalilin zaton abin zai rushe da kansa. A Stalingrad, lokacin yaƙin duniya na biyu, ya ga rundunar saman Jamus ta yi alkawarin ciyar da sojojinta da aka kewaye, ta kasa kai ko tan 300 a rana da ake buƙata a ƙalla. Nan kuwa ana maganar tan dubbai. Sai ya zauna jiran hunturu.

Tsohon Bakanike:
Kuma hunturun ya kusa ba shi gaskiya. Hazon Nuwamba 1948 ya yi muni, akwai ranakun da kusan ba abin da ya sauka. Abin da ya fitar da su shi ne masu na'urar rada a ƙasa, mutum yana zaune cikin akwatin mota a gefen titi yana kallon ɗigo a gilashi, yana gaya wa matuƙi ta rediyo: ka yi ƙasa kaɗan, ka karkata dama, har tayarsa ta taɓa ƙasa. Allah kuma ya sa sanyin shekarar bai yi tsanani ba. Da aka shiga bazara sai lodi ya yi ta hawa. Ranar 15 zuwa 16 ga Afrilu 1949 Tunner ya shirya gwajin ƙarfi: sawu kusan 1,400 cikin awa 24, kwal kusan tan dubu 13, kusan kowane minti jirgi na sauka, ba haɗari ko ɗaya. Malama, ba wannan ne ya sa Mosko ta sauko ba?

Malamar Tarihi:
Ya taimaka Baba, amma ta fara saukowa tun kafin nan. A ƙarshen Janairu 1949 Stalin ya amsa tambayoyin wani ɗan jaridar Amurka, Kingsbury Smith, ya lissafa sharuɗɗan buɗe hanya bai ambaci batun kuɗi ba, alhali a kansa aka fara rigimar. Amurkawa suka lura da wannan shiru. Wakilinsu a Majalisar Ɗinkin Duniya, Philip Jessup, ya tambayi na Sobiyat, Yakov Malik, ko da gangan ne. Bayan wata guda amsa ta zo cewa da gangan ne. Daga nan aka yi ta ganawa a asirce har aka cim ma yarjejeniya ranar 4 ga Mayu, aka buɗe hanya ranar 12.

Dattijon Kaduna:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Mu da muka ga yaƙin basasar Najeriya da hankalinmu, wannan muhawara ba baƙuwa ba ce. Daga 1968 zuwa farkon 1970 ƙungiyoyin coci da Red Cross sun yi jigilar abinci zuwa Uli a yankin Biyafara, wanda ba filin jirgi ba ne, titin mota ne aka faɗaɗa. Daga tsibirin Sawo Tome da Fanando Po da Kwatano suke tasowa, da dare kawai, a kunna fitilun titi na ɗan lokaci a kashe. Gwamnatin tarayya na cewa jiragen makamai ma a nan suke sauka cikin duhu ɗaya, kuma haka ne. A Yunin 1969 aka harbo jirgin Red Cross. Duk abin da haɗakar cocin ta kai a tsawon yaƙin kimanin tan dubu 60 ne, abin da Balin ke samu cikin mako guda da 'yan kwanaki a bazarar 1949. Yara da yawa sun rayu ta dalilinsa, da yawa kuma ba su kai ba, Allah ya kiyaye mu da sake ganin irin wannan.

Don haka ni ina bayan Malama. Matuƙan Uli ba su gaza na Balin ƙarfin zuciya ba. Abin da ba su da shi shi ne hanya a rubuce da tabbacin ba za a harbe su ba. Bakanike, dokar minti uku ba ta aiki inda ake kashe fitila.

Tsohon Bakanike:
Ranka ya daɗe, wannan hujja ce mai nauyi, na karɓa. Amma ka juya ta: a ba ka hanya a rubuce, a yi maka alkawarin ba harbi, in ba ka da mai tsara sawu 278,000 da mai canza fulogi cikin sanyi, takardar ba ta dafa wa kowa abinci. A watan Yuli hanyar a buɗe take, amma lodin bai isa ba.

Ɗan Damagaram:
Ni dai har yanzu ina tambayar wa ya ci riba. Ranar 4 ga Afrilu 1949 aka kafa NATO, ƙawancen sojan ƙasashen Yamma. Ranar 23 ga Mayu aka kafa Jamus ta Yamma, ranar 7 ga Oktoba ta Gabas. An ceci rabin birni, an raba ƙasa shekara arba'in, mutum miliyan 18 na Gabas suka zauna a ɗaya gefen. Stalin ya jawo abin da yake gudu, wannan ba musu. Amma Bajamushen Laifzig ko Diresdin ba shi da abin murna a wannan nasara.

Ɗalibi Daga Zariya:
Malama, da aka buɗe hanya a Mayu, an rubuta yarjejeniyar titi da dogo ke nan don kada a sake?

Malamar Tarihi:
Ba a rubuta ba, ƙanena. Yarjejeniyar ta ce kawai a ɗage takunkuman ɓangarorin biyu a koma yadda ake kafin Maris 1948. Shi ya sa jiragen ba su tsaya ba sai 30 ga Satumba 1949, suna tara kaya saboda gudun a sake rufewa. Gwamnatin Balin ta Yamma ta ci gaba da ajiye abinci, kwal da magani na watanni a ɗaruruwan rumbuna, ana sabuntawa, har zuwa haɗewar Jamus a 1990. A 1958 shugaban Sobiyat Khrushchev ya sake tayar da batun, ya ba ƙasashen Yamma wa'adin wata shida su fice. Tabbacin zirga-zirgar farar hula ta ƙasa a rubuce bai samu ba sai yarjejeniyar ƙasashe huɗu ta 3 ga Satumba 1971, wadda ta fara aiki a 1972. Su kuma hanyoyin saman uku sun ci gaba a ƙarƙashin dokar 1945, jiragen Amurka, Ingila da Faransa kaɗai ke bin su zuwa Balin ta Yamma. Kamfanin Lufthansa na Jamus bai samu izinin sauka a Balin ba sai Oktoban 1990.